Ruwan Lagireton Mahfuzu

Ranar da Khaula ta fara ganin Mahfuzu, abin da ya ja hankalinta shi ne bai taɓa murfin lagireto ba. Direbobin da ke shigowa garejinsu da mota tana tafasa, yawancinsu tun a hanya sun naɗe hannu da tsumma sun murɗe murfin, su iso da yatsu a kumbure suna zagin injin. Shi kuwa ya kashe tsohuwar a-kori-kurarsa a bakin ƙofa, ya sauko, ya koma gefe ya tsaya da hula a hannu kamar wanda ya kawo majinyaci asibiti.

Tsakiyar bazara ce, irin zafin Garwa da ke sa kwalta ta yi taushi. Rana ta kusa faɗuwa. Yayanta Taufiƙ ya fita neman fanbel a kasuwa. Baba Fulbert, wanda ya yi shekara ashirin yana aiki da mahaifinsu, yana kwance ƙarƙashin wata tasi, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Saboda haka ita ta ɗauko tasa ta durƙusa, ta kwance tiyon ƙasa. Ruwa ya zubo yana tururi, ja wur da tsatsa.

Ta miƙe da tasar, zafinta yana ratsa tsumman da ta riƙe ta da shi. A nan ne ya yi magana. Ya ce shekararsa shida yana bin hanyar Tcholliré da buhunan masara, bai taɓa ganin inda ake tarar ruwan mota a tasa kamar nonon saniya ba. Sannan ya tambayi sunanta, idonsa a kan takalminsa. Ta faɗa masa. Ya maimaita sau ɗaya, a hankali.

Daga nan ba ta riƙe komai ba sai muryar. Ta dai san ta sa masa sabon tiyo, ta san ta rataye tasar a ƙusarta, ta kuma san bayan isha ta buɗe littafin da take karantawa ta wuce shafi uku ba ta san me ke cikinsu ba.

Tarar ruwa a tasa ba don tsafta kaɗai ake yi ba. Marigayi Malam Ilyasu ya bar wa 'ya'yansa gareji, da akwatin sifanoni, da doka guda: ruwan zafi ba ya taɓa ƙasar wurin nan. A tare shi, a juye a rabin duro, ya kwana ya huce, da safe a yi bisimilla a ba darbejiya. A kusurwar gabas kuma akwai gangar jikin wata tsohuwar mota, ba taya, ba gilashi, ciyawa ta fito ta tagoginta, ciyawar da ko da rani ba ta bushewa. Masu sayen tsohon ƙarfe sun yi ta zarya a kanta, ya hana. In an matsa masa sai ya ce da masu zama a ciki, kuma sun riga mu zuwa unguwar. Taufiƙ, da ya yi koyon aiki a Duwala, dariya yake yi wa maganar. Khaula ce mai tsaron dokar. Ta sha ƙwace tasa daga hannun yayanta.

Bayan kwana huɗu Mahfuzu ya dawo. Motar ta sake tafasa.

Khaula ta fara zargin tiyon, ta ce wa Taufiƙ jabu aka haɗa shi da shi. Suka cire, tiyo lafiya lau. Baba Fulbert ya sauke lagireton gaba ɗaya, ya wanke, ya nutsar da shi a duro yana hura iska, ko kumfa ɗaya bai fito ba. Aka duba famfon ruwa, aka duba fanka, aka buɗe kan injin aka sa sabon gasket. Mahfuzu ya yi godiya ya tafi. Ranar Talata sai ga shi.

Abin da yake faɗa kullum ɗaya ne. Da rana tsaka, da lodi har sama, allurar zafi ba ta motsi. Sai rana ta taɓa kan itatuwa, ko yana gangare, ko ba kaya, sai allura ta tashi ta buga ja.

Taufiƙ ya goge hannu da tsumma, ya dubi motar, ya dubi ƙanwarsa.

"Baba Fulbert, ni fa na gano ciwon. Motar nan ƙalau take. Direban ne ke tafasa."

"In dai shi ne, ba mu da kayan gyaransa a nan," in ji tsohon daga ƙarƙashin mota. "Sai dai a tambayi 'yar patron."

Khaula, wadda yake kira haka, wato 'yar maigida, ta tsuke fuska ta shige ɗakin kaya, amma maganar ta bi ta ciki ta zauna. Ko da gangan yake yi? Mutum zai iya sassauta noti ɗaya a hanya don ya samu dalilin tsayawa a ƙofar wani gareji. Tunanin ya yi mata daɗi, ya kuma ba ta haushi, don ba ta son a mai da aikin hannunta abin wasa. Zuwansa na gaba, da ya tafi alwala, ta ɗauko farin fenti da tsinken ashana ta ɗiga wa kowane noti da ke riƙe da hanyar ruwa ɗigo ɗaya, rabi a kan notin rabi a kan ƙarfen. Duk wanda aka murɗa, ɗigon zai rabu biyu.

Ya dawo bayan kwana uku. Ta leƙa da tocila. Ɗigo goma sha ɗaya, babu wanda ya rabu.

Ba ƙarya yake yi ba ke nan. Ta rasa ko ta ji daɗi ko ta ji kunya.

A ranar ne ta shiga gaban motar don ta ga allurar da idonta, sai wani wari ya tare ta. Ba na roba ba ne, ba na baƙin mai ba. Ƙauri ne irin na babbakar kan rago, da ɗan ƙarni a ƙarƙashinsa. Ta dafa kujerar gefen direba, ta ji ta da danshi da ɗumi. Soson ya lotsa wuri biyu, ɗaya babba, ɗaya ƙarami a gabansa.

Ta tambaye shi ko yana ɗaukar fasinja. Ya ce a'a, shi kaɗai yake tafiya. Bai dube ta ba. Ta lura ya rame, kuma cikin wannan zafin riga mai dogon hannu ce a jikinsa har da maɓalli. Da ya miƙa hannu zai karɓi makulli, hannun rigar ya ja baya. Ƙuna huɗu a jere a damtsensa na dama, kowace ta ɗuri ruwa.

Ya ce salansa ce. Ita kuwa a gareji ta tashi, ta san ƙunar salansa. Ba ta zuwa da yatsu.

Kwana biyu bayan haka Baba Fulbert ya kira ta da hannu, ba da baki ba. Yana gyara tarin tsofaffin tayoyi ne a kusurwar gabas. A bayansu, daga ƙasa har cikin tagar gangar motar nan, ciyawa ta mutu a miƙe kamar an shimfiɗa zane, ƙasar kuma ta yi jan tsatsa. Tsohon ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa.

"Wani ya watsa ruwan zafi a nan, 'yar patron," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kuma ba jiya ba."

Ba ta tsaya tunani ba, ta nufi Taufiƙ. Ta ce tun ran da ya dawo daga Duwala yake neman ya nuna mahaifinsu bai san komai ba, to ga shi ya nuna. Ya rantse da Allah bai yi ba. Ya ce dariya daban, saɓa wa mamaci daban. Ta ce in ba shi ba wa? Suka yi ta yi har maƙwabta suka leƙo, suka kwana biyu ba sa gaisawa. A cikin kwanakin har Baba Fulbert ta ɗan yi wa kallon gefe, ko tsufa ya sa tasa ta suɓuce masa ya ɓoye. Ya gane. Ya dai daina kiranta 'yar patron, ya koma Khaula.

Ranar Alhamis Taufiƙ ya tafi Marwa ɗauko kaya, ya bar wayar gareji a kan tebur. An idar da la'asar ke nan ta yi ƙara.

"Taufiƙ?"

"Khaula ce."

Sannan Mahfuzu ya ce motar ta tsaya gaban Ngong kaɗan, wajen wani kwalbati. Yau ba ta jira faɗuwar rana ba, kuma ruwan ya ƙone tas. A ce wa Taufiƙ ya zo da ruwa. Da ta ce ba ya gari, sai muryarsa ta sauya.

"To a bari. Kada ki zo, Khaula. Don girman Allah, ban da ke."

A bayan muryarsa ta ji kukan yaro, siriri, irin na wanda ya gaji da kuka. Ta ji kuma muryar mace, kusa da wayar sosai, tana tambayar wani abu a hankali. Wayar ta mutu.

Khaula ta zauna a kan taya. Ashe haka ne. Lotsawa biyu a kujera, babba da ƙarama. Mata da ɗa. Shi ya sa ba ya duban idonta, shi ya sa ban da ita. Ta ji kunnuwanta sun yi zafi da ta tuna yadda take wanke hannu da omo sau biyu duk ranar da take sa ran zuwansa.

Famfo ya ɗauke tun safe, don haka daga randar mahaifinta ta cika jarka mai lita ashirin, ruwan da ya fi kowane sanyi a unguwar. Baba Fulbert ya ce ta bari shi ya je. Ta ce gwiwarsa ba za ta ɗauki babur har Ngong ba, kuma akwai abin da take so ta gani da idonta. Ya bi ta har bakin titi yana cewa rana ta yi nisa. Ta tare mai babur, ta ɗora jarkar a cinya.

Suka haye gadar Binuwai. Kogin ya janye, sai yashi da 'yan mata masu wanki can nesa. Mai babur ɗin mai surutu ne, yana yi da Fulatanci yana juyawa Hausa, ya ba ta labarin jandarmomin hanya da tsadar fetur da surukarsa. Ba ta ji rabin abin da ya faɗa ba. Tana ta shirya kalmomin da za ta gaishe da matar da su, kalmomi masu sanyi, waɗanda za su nuna ita ruwa kawai ta kawo.

Bayan Ngong hanya ta yi fayau. Gonakin auduga tsirara, hayaƙin gawayi daga wani wuri. Rana ta sauko ta yi ja.

Mai babur ya yi shiru.

Can gaba ga a-kori-kurar a gefen hanya, bonet a ɗage. Saura kamar taku hamsin ya taka birki. Ya shaƙi iska, ya sake shaƙa. Ya ce shi iyakarsa nan. Kafin ta gama sauke jarkar ya juya kan babur, bai ko waiwaya ba.

Ƙaurin ne. Har nan yake isowa.

Ta kinkimi jarkar. Ruwa yana ƙulum-ƙulum a ciki, takalminta yana taka tsakuwa. Ban da wannan ba ta jin komai. Ba tsuntsu, ba kukan saniya, ba mota ko ɗaya.

Sai ƙarar injin mai hucewa. Ƙas. Ƙas. Ƙas. Motar da aka kashe fiye da awa guda.

Tururi yana tashi daga bakin lagireto, wanda Mahfuzu ya ce ba ko ɗigo a ciki.

Mahfuzu yana zaune, hannu biyu a kan sitiyari. Leɓɓansa sun tsattsage. Bai juyo ba, idonsa kaɗai ya motsa.

"Na ce kada ki zo."

Kujerar gefensa ba kowa. Kukan daga gaban motar yake fitowa.

Ta zagaya.

Mace ce zaune a bakin kwalbatin, ta ba ta baya. Zanenta launin tsatsa. A zaune take, amma kanta ya kai tsayin bonet ɗin da ke ɗage. A cinyarta yaro ne kwance rub da ciki, bai fi shekara biyu ba.

Bayan yaron ya saluɓe daga wuya har ƙugu. Yana tururi.

A hannunsa yana riƙe da sifana mai lamba goma, mai jan zare a wutsiya. Khaula ta san ta. Ta mahaifinta ce. Shekara uku ana nemanta a gareji.



"Na san ruwan," in ji matar, ba ta juyo ba. Muryar kamar ana jan ƙarfe a kan yashi. "Na san motar da ya fito. Hannun ne ban gani ba. Idona yana kan ɗana."



"Kwana arba'in ina zama kusa da direban nan ina tambaya. Yana shiru. Yau ya ce shi ne." Dogon yatsa ya nuna rana, wadda gindinta ya fara nutsewa. "In ta shige, zai ji abin da ɗana ya ji."

A gefen ƙafar matar akwai tasa. Ruwa ja yana tafasa a ciki, ba wuta a ƙarƙashi. Gefenta ya lanƙwashe wuri ɗaya, inda jak ya taɓa danne ta.

Tasar gareji.

Khaula ta dubi tasar, sai tafin hannunta ya tuna kafin kanta ya tuna. Zafi yana ratsa tsumma. Murya tana tambayar sunanta. Mayafinta ya zame, gashinta a waje, hannu biyu duk a riƙe. Ta watsar da ruwan gefe, bayan tayoyi, ba bisimilla, ba komai, don ta samu hannun gyara mayafi. Har da 'yar ƙarar da ta ji ta ɗauka kyanwa ce.

Shi kuwa yana tsaye yana kallo. Ya gani. Tun ranar ya sani.

"Ni ne," in ji Mahfuzu daga cikin mota, da ƙyar. "Na riga na faɗa miki. Ki bar ta ta tafi, ruwa ta kawo."

Rabin rana ya shige.

Matar ta miƙa hannu wajen tasar.

"Ni ce."

Hannun ya tsaya.

"Ni na zuba. Shi bai taɓa tasar ba. Ni ce 'yar Ilyasu."

Matar ta juyo. Wuyan ne ya juyo, kafaɗun ba su motsa ba. Khaula ba ta taɓa iya faɗin yadda fuskar take ba. Idanun kaɗai ta riƙe. Sun kumbura, sun yi ja. Idanun wadda ta yi kwana arba'in ba ta runtsa ba.

Ba ta ga tahowar hannun ba. Ta dai ji shi a wuyan hannunta na hagu, kamar an ɗaura mata ƙarfen da aka ciro daga wuta. Ta ji ƙaurin fatarta.

Gwiwoyinta suka kai ƙasa. Jarkar ta faɗi tsaye kusa da ita.

Tasar ta tashi sama. Tururin ya rufe mata fuska.

Yaron ya yi wani ɗan kuka, ba ƙarfi, kamar mai neman a ɗauke shi.

Da hannun dama ta laluba murfin jarka. Ya ƙi. Ta sa haƙori. Ya buɗe.

Mahaifinta yakan ce abin da ya yi zafi ba a kwara masa sanyi gaba ɗaya, tsagewa yake yi. Kaɗan-kaɗan ake bi da shi. Ta karkata jarkar da gwiwa, ta tara tafin hannu.

"Bismillahi."

Ta ɗiga a kafaɗar yaron. Ruwan ya yi cuu, ya tashi.

Tasar tana nan bisa kanta.

Ta sake tarawa. Ta sake. Daga wuya zuwa ƙugu, daga ƙugu zuwa wuya. Kukan ya ragu, ya koma shessheƙa.

Jarka ta kai rabi.

"Khaula," Mahfuzu ya raɗa. "Ki rage na mota. In babu, ba ma barin nan."

Ta ji shi. Ta dubi bayan yaron, har yanzu gefe ɗaya yana hayaƙi. Ta ci gaba.

Saura kwata. Saura abin da bai fi kofi ba. Ta kifa jarkar, ta girgiza ɗigon ƙarshe a tafinta, ta shafa.

Yaron ya ja dogon numfashi. Sifanar ta suɓuce daga hannunsa ta faɗi a kan siminti. Ya yi barci.

Rana ta shige.

Tasar ta sauko a hankali, ta zauna a ƙasa. Riƙon bai saki ba. Fuskar ta matso har Khaula ta ji numfashinta, mai zafi kamar iskar fanka.

"Yau ya yi barci. Gobe zafin zai dawo."

Matar ta kafe Khaula da ido.

"Gobe fa?"

Yatsun suka ɗan sassauta, don matar ta gyara wa yaron kwanciya. A daidai nan Mahfuzu ya fizgo ta ta baya. Ba ta san ya fito ba. Ya tura ta cikin mota, ya buga bonet, ya murɗa makulli. Injin da ba ruwa ya tashi bugu ɗaya.

Ta kafa ido a kan allura. Allurar tana kwance a ƙasa, ko motsi ba ta yi.

A madubin gefe matar tana tsaye tsakiyar kwalta da yaron a kafaɗa. Suna gudu, ba ta raguwa. Suka sha kwana, tana nan. Sai da fitilun masu shayin Ngong suka bayyana, aka ji liman ya ta da salla, sannan madubin ya koma nuna hanya.

Suka iso gadar Binuwai. A nan ta tambaye shi me ya hana shi faɗa mata tun farko. Ya ce saboda shi ta gyara mayafin, don haka yana ganin rabin laifin nasa ne, ɗaya rabin kuma ba shi da nauyin da zai gagare shi.

Da safe tasar tana rataye a ƙusarta, a jiƙe. Sifana mai lamba goma tana cikin akwatin mahaifinta, a gurbinta. Khaula ta durƙusa gaban Baba Fulbert ta nemi gafara, ya ce ta tashi, 'yar patron ba ta durƙusa a kan baƙin mai. Da Taufiƙ ya dawo ta ba shi haƙuri ta nuna masa hannunta. Bai yi dariya ba. Da masu sayen ƙarfe suka leƙo a makon, shi ya raka su har titi. Motar Mahfuzu ba ta sake tafasa ba, ƙunarsa kuma ta bushe cikin kwana uku.

Tata ba ta bushe ba. Yatsu huɗu a wuyan hannu, an sa man kaɗanya, an sa maganin asibiti, suna nan ɗanye. Kullum rana ta taɓa kan darbejiya sai su fara zugi, a kusurwar gabas kuma a fara jin shessheƙa. Sai ta ɗebo ruwan randa a kofi ta je ta ɗiga ta tagar gangar motar, kaɗan-kaɗan, har a yi shiru. Tana yi bakinta a rufe. Ta san an yi mata tambaya, ta kuma san irin waɗannan maƙwabtan ba a ba su kalma a janye. In ta amsa, ba Marwa, ba Duwala, ba kwana a ko'ina da magariba za ta same ta nesa da wannan kusurwar. Shekarunta ashirin da uku.

A rana ta bakwai Mahfuzu ya iso tana tsaye da kofin. Ya tsaya nesa kaɗan, hula a hannu. Ya ce kawunansa suna so su zo daga Tcholliré su gaida Taufiƙ, in ba ta ƙi ba. Ta ce, ba ta juyo ba, ita ba za ta iya zaman Tcholliré ba, ya san dalili. Ya ce ya sani. Ya ce ya riga ya ga wani ɗaki biyu a bayan masallacin unguwa, ya ƙirga, taku ɗari da tamanin ne zuwa ƙofar gareji.

Shessheƙar ta fara. Ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarta ta yi ɗumi. Taufiƙ ya ajiye guduma, Baba Fulbert ya fito daga ƙarƙashin mota ya zauna.

Khaula ta yi bisimilla, ta karkata kofin. Da ruwan ya fara sauka ta ɗaga murya yadda duk wanda ke garejin zai ji, na gani da na ɓoye.

"Kin tambaye ni gobe. Gobe zan zo, in Allah ya yarda. Jibi ma zan zo. Kowace magariba, da hannuna, har ranar da ɗanki ya warke, ko ranar da aka ɗauke ni daga unguwar nan a makara. Ni na zuba, ni zan huce shi."